AMFANI DA JININ MAJINYACI WAJEN MAYAR DA ƘASHIN DA CIWON DASASHI YA CINYE

Gabatarwa

Abu ne sananne a wajen jama'a cewa in mutum ya manyanta haƙoransa su kan fara girgiɗi, daga baya su zube ɗaya bayan ɗaya, har ma an ɗauki wannan tamkar wata alama ta tsufa wadda ba makawa daga gare ta. Binciken likitocin haƙori kuwa ya nuna cewa sau da yawa haƙorin da ya faɗi ta wannan hanya lafiyarsa lau, babu kogo a jikinsa. Ƙashin da ke riƙe da shi ne ya zaizaye saboda ciwon dasashi. A cikin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 an ƙiyasta cewa ciwon dasashi mai tsanani ya kama kimanin kashi 19 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, watau fiye da mutum biliyan ɗaya.

Tambayar da ta daɗe tana cin ran masana ita ce, shin ƙashin da ya riga ya tafi yana iya dawowa? Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka shiga gwada wata dabara, ta ɗibar jinin majinyaci a tace wani sashe nasa a mayar masa da shi cikin ramin da ciwon ya haƙa. Manufar wannan lacca ita ce bayyana yadda dabarar ta ke, da dalilin da ya sa aka yi tsammanin za ta yi aiki, da kuma iyakar abin da bincike ya tabbatar game da ita. Sanin wannan ya shafi majinyacin da zai zaɓa tsakanin cire haƙori da biyan kuɗin tiyata, ya kuma shafi ma'aikacin gwamnati wanda za a kawo wa takardar sayen kayan asibiti ya sa hannu.

1. Yadda Haƙori Ya Ke Zaune a Baki

Abubuwa huɗu ne ke riƙe da haƙori. Na farko shi ne dasashi, watau naman da ke kewaye da wuyan haƙori. Na biyu ƙashin muƙamuƙi, wanda ke da gurbi ga kowace saiwa. Na uku wani siririn yaɓe mai tauri da ya lulluɓe saiwar, wanda likitoci ke kira siminti. Na huɗu kuwa dubban ƙananan zaruruwa ne da suka ɗaure saiwa da ƙashi, kan kowane zare ɗaya ya nutse cikin yaɓen saiwa, ɗaya kan kuma cikin ƙashi. Ashe ke nan haƙori a rataye ya ke cikin gurbinsa, kuma waɗannan zaruruwa su ne ke ɗaukar nauyin tauna.

Tsakanin dasashi da haƙori akwai wani ɗan kwari wanda likita ke aunawa da siririn ƙarfe mai zane-zanen milimita. A bakin mai lafiya zurfinsa ba ya wuce milimita 1 zuwa 3.

2. Yadda Ciwon Ke Cin Ƙashi

Mafarin ciwon shi ne dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, wadda akasarinta ƙwayoyin cuta ne. A 1965 Harald Löe da abokan aikinsa a birnin Aarhus na ƙasar Denmak suka sa wasu masu lafiyar baki su daina goge haƙoransu. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma kumburin ya sace cikin kamar mako guda. A wannan mataki ciwon yana warkewa sarai, domin bai taɓa ƙashi ba tukuna.

In aka bar dauɗar ta daɗe sai ta ƙandare ta zama kamar dutse, ta riƙa gangarawa ƙarƙashin dasashi. Jiki ya kan aiko da fararen ƙwayoyin jini domin su yaƙi cutar, to amma yaƙin da ya ƙi ƙarewa ya kan ɓata filin da a ke yinsa. Sinadaran da ke fitowa wajen wannan kumburi su ne ke tsinka zaruruwa, su kuma zuga ƙwayoyin da aikinsu narkar da ƙashi ne. Sai ɗan kwarin nan ya zurfafa ya zama aljihu mai milimita 5, ko 7, ko fiye, inda aswaki ko buroshi ba ya kaiwa. Alamominsa su ne zubar jini wajen goge baki, da warin baki, da mugunya, daga ƙarshe kuma girgiɗi. Abin da ya sa ya ke yaudarar mutane shi ne galibi ba ya zafi sai ya yi nisa. Shan taba da ciwon suga wanda ba a kula da shi ba suna ƙara masa sauri ƙwarai.

Zaizayar ƙashin iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Wani lokaci ƙashin ya kan sauka bai ɗaya a kewayen haƙora, kamar katangar da ruwan sama ya cinye samanta. Wani lokaci kuwa ya kan haƙa rami mai zurfi a gefen saiwa ɗaya, ya bar bango ɗaya, ko biyu, ko uku a tsaye. Irin na farko har yanzu ba a da wata tabbatacciyar hanya ta mayar da shi. Irin na biyu, musamman rami matsattse mai bango uku, shi ne a ke sa ran cikawa, domin bangayen suna riƙe gudan jini, kuma daga cikinsu ne sababbin ƙwayoyin gini ke fitowa.

3. Matsalar Warkewa

Idan likita ya ɗaga dasashi ya kankare saiwa ya mayar ya ɗinke, wurin ya kan warke, amma ba lallai ya koma yadda ya ke da ba. A 1976 Antony Melcher na Jami'ar Toronto ya yi bayanin dalili. Ya ce ƙwayoyin halitta iri huɗu ne ke tseren isa jikin saiwar da aka kankare: na fatar dasashi, da na naman da ke ƙarƙashinta, da na ƙashi, da na zaruruwa. Wanda ya riga isa shi ke yanke irin warkewar da za a samu. Ƙwayoyin fata su ne mafiya sauri, saboda haka su kan gangara su shimfiɗe a jikin saiwa, su hana zaruruwa sake kamawa.

A 1982 Sture Nyman da Jan Lindhe da abokan aikinsu a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin suka gwada wannan ra'ayi a bakin mutum. Suka sanya wani siririn tantani tsakanin dasashi da saiwar wani haƙori wanda dama za a cire shi, domin ya tare fata. Bayan wata uku aka cire haƙorin aka duba da madubin likita, sai aka ga sabon yaɓe ya tsiro da zaruruwa a cikinsa. Daga nan aka sami hanyar sa tantani. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka fito da wani sinadari da a ke samowa daga haƙoran 'ya'yan alade waɗanda ba su gama ginuwa ba, mai sunan kasuwa Emdogain. Har ila yau a kan cika rami da garin ƙashi, na majinyacin kansa, ko na shanu, ko na haɗi.

Waɗannan kayayyaki suna da tsada, kuma a ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar daga waje a ke shigo da su. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin tantanin da jiki ke narkarwa daga jikin alade a ke yin su, abin da majinyaci Musulmi ke da haƙƙin a sanar da shi kafin a yi masa aiki. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa hankali ya karkata ga abin da ke cikin jijiyar majinyaci.

4. Ƙwayoyin Daskarar da Jini

Ban da jajaye da fararen ƙwayoyi, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi a cikin jini waɗanda a ke kira filatilet. Likitan nan na Italiya, Giulio Bizzozero, ya bayyana aikinsu a 1882. Ɓarɓashi ne da ke ɓallewa daga jikin wasu manyan ƙwayoyi a cikin ɓargo, su yi kwana 7 zuwa 10 suna yawo cikin jini. A cikin ɗigon jini wanda bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na mililita ba, mai lafiya yana da su tsakanin 150,000 da 450,000.

Da can an san su da aiki ɗaya ne kawai, watau toshe rauni. Da zarar jijiya ta fashe sai su taru a bakin raunin, wani sinadari na cikin ruwan jini kuma ya rikiɗe ya zama zare mai suna fibirin, ya saƙa raga ta kama su, a sami gudan jini. A 1974 Russell Ross da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle suka nuna cewa filatilet suna sakin wani sinadari mai sa ƙwayoyin halitta su hayayyafa. Daga baya aka gano cewa ire-irensa suna da yawa a cikinsu: wani yana kiran ƙwayoyin gini zuwa wurin rauni, wani yana sa su saƙa sabon nama, wani kuma yana tsirar da ƙananan jijiyoyin jini. Waɗannan su a ke kira sinadaran haɓaka. Tunanin da ya biyo baya mai sauƙi ne: tun da da su jiki ke fara gyara kowane rauni, me zai hana a tara su da yawa a inda a ke bukatar gyara?

5. Iri Biyu na Tataccen Jini

Iri na farko shi ne ruwan jini mai yawan filatilet, wanda aka fi sani da haruffan PRP. Robert Marx na Jami'ar Miami a Amurka shi ne ya fito da sunansa a fagen tiyatar baki a 1998. Ya yi nazarin majinyata 88 da aka yi wa dashen ƙashi a muƙamuƙi, ya ba da rahoton cewa inda aka haɗa da PRP yawan ƙashin da ya ginu ya kai kashi 74 cikin ɗari, inda ba a haɗa ba kuwa kashi 55. Ya kamata a lura cewa wannan dashen ƙashi ne a babban giɓi na muƙamuƙi, wanda ya sha bamban da ramin ciwon dasashi, ko da ya ke shi ne ya buɗe ƙofa.

Wajen haɗa PRP a kan zuba wa jinin maganin hana daskarewa, a sa shi cikin na'urar juya jini, irin dai wadda ɗakunan gwaji na asibitoci ke raba jini da ita. Galibi sau biyu a ke juyawa, na farko ya ware jajayen ƙwayoyi, na biyu ya tattara filatilet. Sa'an nan a daskarar da shi da gishirin kalsiyam da wani sinadari mai suna turombin, wanda a da daga jinin shanu a ke samo shi. Wannan hanya tana da matakai da yawa, kuma an sami rahotannin cewa turombin na shanu ya jawo wa wasu majinyatan tiyata matsalar daskarewar jini. A 1999 Eduardo Anitua na ƙasar Sifen ya fito da nasa salon wanda ba ya bukatar turombin.

Iri na biyu shi ne fibirin mai yawan filatilet, watau PRF, wanda Joseph Choukroun da abokan aikinsa na birnin Nice a Faransa suka bayyana a 2001. A nan ba a zuba wa jinin kome. A kan ɗebi mililita 10 cikin kwalbar gwaji a sa a na'ura nan take, a juya kamar sau 3,000 a minti ɗaya har tsawon minti 10. Jinin yana fara daskarewa da kansa tun yana juyawa, saboda haka jinkirin 'yan mintoci kafin a sa shi a na'ura ya kan ɓata aikin. In an fito da kwalbar za a ga hawa uku: jajayen ƙwayoyi a ƙasa, ruwa garai a sama, a tsakiya kuma wani guda mai ruwan ɗorawa wanda ya kama akasarin filatilet da wani kaso na fararen ƙwayoyi. Wannan gudan a ke cirowa, a yi amfani da shi yadda ya ke, ko a matse shi ya zama faifai mai kaurin kamar milimita ɗaya.

Gwaje-gwaje sun nuna cewa PRP yana sakin yawancin sinadaransa da wuri, PRF kuwa a hankali, har tsawon mako guda ko fiye. Amma shi ma PRF jiki ya kan narkar da shi cikin kamar mako biyu, alhali tantanin da zai tare fata ana so ya yi mako 4 zuwa 6. Don haka faifan PRF bai isa ya tsaya a matsayin tantani sosai ba.

6. Yadda A Ke Gudanar da Aikin

Ba a farawa da tiyata. Da fari a kan koya wa majinyaci tsabtace baki, a kankare dauɗar da ke sama da ƙarƙashin dasashi, a jira wasu makonni a sake awo. Aljihuna da yawa su kan rufe da wannan kaɗai. Sai wanda ya rage da zurfi, hoton ƙashi kuma ya nuna rami a gefen saiwa, shi a ke yi wa aiki. A kan kashe zafin wurin da allura, a ɗaga dasashi, a kwashe ruɓaɓɓen nama, a goge saiwa. A daidai wannan lokaci a ke ɗibar jinin daga hannu, abin da ba ya wuce 'yan kwalabe, nesa ƙwarai da mililita 450 da mai ba da gudummawar jini ke bayarwa. Sai a cusa gudan cikin ramin, shi kaɗai ko a cakuɗe da garin ƙashi, a ɗinke. Ba a yanke hukunci kan sakamako sai bayan wata 6 zuwa 12.

7. Abin da Bincike Ya Tabbatar

An yi gwaje-gwaje masu yawa a kan wannan dabara, musamman a makarantun likitan haƙori na ƙasar Indiya. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara sakamakon gwaje-gwajen magani ta auna ingancinsu, ta buga nazarin da Massimo Del Fabbro na Jami'ar Milan ya jagoranta. An haɗa gwaji 38 da suka ƙunshi majinyata 1,402.

Sakamakon ya rabu gida uku. Inda aka kwatanta tiyatar kankara ita kaɗai da tiyatar da aka ƙara wa tataccen jini, ta biyun ta fi rage zurfin aljihu da fiye da milimita ɗaya, ta fi ƙara kamun haƙori da kusan milimita ɗaya da rabi, hoto kuma ya nuna ramin ya fi cika. Inda dama an sa garin ƙashi, ƙarin da tataccen jini ya kawo bai kai milimita ɗaya ba. Inda kuwa aka riga aka sa tantani ko Emdogain, ba a sami isasshiyar shaidar cewa ya ƙara wani abu ba. Masu nazarin sun kuma bayyana cewa ingancin shaidar duka yana da rauni ƙwarai, saboda yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, tsarinsu yana da giɓi, kuma ba a bi majinyatan shekaru masu yawa ba.

Milimita ɗaya da rabi ba abin rainawa ba ne ga saiwar da duk tsawonta bai fi milimita 12 ko 13 ba, kuma rabinta ya riga ya rasa ƙashi. Duk da haka akwai abubuwa biyu da su ka wajaba a riƙe. Na farko, na'urori sun bambanta. Ƙarfin da ke raba jini ya dogara ga saurin juyawa da kuma faɗin na'urar, saboda haka juyi 3,000 a na'ura biyu dabam ba ya ba da abu iri ɗaya, kuma tun daga 2014 an fito da salo-salo masu rage sauri, kowanne da sunansa. Wannan ya sa kwatanta gwaji da gwaji ke da wuya. Na biyu, cikar rami a hoto ba ta nuna ko zaruruwa sun sake kama saiwa. Ana iya samun sabon ƙashi alhali fata ta shiga tsakaninsa da haƙori. Hanyar tabbatarwa ita ce a ciro haƙorin da ƙashinsa a duba da madubi, kamar yadda Nyman ya yi, kuma irin wannan shaida daga jikin mutane kaɗan ce game da PRF in aka kwatanta da tantani ko Emdogain. Ƙa'idojin da Tarayyar Likitocin Dasashi ta Turai ta fitar a 2020 sun ba da shawarar tiyatar mayar da ƙashi ga ramin da ya kai milimita 3 ko fiye, kuma kayan da su ka zaɓa su ne tantani ko sinadarin nan na haƙori, tare da garin ƙashi ko ba tare da shi ba.

8. Wanda Dabarar Ta Dace da Shi

Daga abin da ya gabata ana iya fahimtar cewa wanda zai fi cin moriyar tataccen jini shi ne mai rami matsattse mai zurfi, wanda bakinsa ya tsabtata, ba ya shan taba, in yana da ciwon suga kuma ya shawo kansa. Ƙa'idojin 2020 sun hana yin tiyatar dasashi ga wanda bai iya riƙe tsabtar bakinsa ba, domin dauɗar da ta ci ƙashin farko za ta ci na biyu. Mai ƙarancin filatilet, da mai ciwon zubar jini, da mai shan maganin tsinka jini, da mai cutar sikila, duk sai likitan haƙori ya yi shawara da likitan da ke duba su.

Ga asibitin da ba shi da ƙarfin sayen tantani da garin ƙashi, amfanin PRF a fili ya ke: kayan aikinsa na'ura ce da kwalabe da allura, kuma tun da jinin majinyacin ne babu tsoron jiki ya ƙi shi ko a ɗauko cuta daga wani, muddin an kiyaye tsabtar kayan aiki. Amma sayen na'ura shi ne mafi sauƙin sashe na lamarin. Abin da ya fi wuya shi ne samun likitan da ya ƙware a tiyatar dasashi, da ma'aikatan kankare haƙori da za su riƙa duba majinyaci kowane wata uku zuwa shida bayan aiki. Asibitin da ya sayi na'ura bai tanadi waɗannan ba ya ɗora rufi ne a kan ginin da ba shi da harsashi.

Kammalawa

A taƙaice, tataccen jini mataimaki ne ga warkewar da jiki ke yi da kansa. A ramin da ya dace, a bakin da aka tsabtace, yana ƙara kamun haƙori da gwargwadon milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi bisa ga tiyatar kankara kaɗai, kuma shaidar da ta nuna haka tana jiran manyan gwaje-gwaje masu dogon zango su ƙarfafa ta. Ba ya mayar da ƙashin da ya sauka bai ɗaya, ba ya kuma kawar da ciwon da ya haddasa asarar. Majinyacin da aka yi wa tayin wannan aiki ya kamata ya tambayi likitansa wane irin rami ne gare shi, milimita nawa ne zurfinsa, da kuma abin da za a sa a ciki. Wanda kuwa ya ga jini a jikin aswakinsa da safe, ya sani cewa mai yiwuwa ciwon yana matakin da kankara da tsabta ke warkar da shi, kuma zuwa asibiti a lokacin ya fi kowace tiyata arha. Hausawa dai sun riga sun ce rigakafi ya fi magani.